Yadin ya fi ƙarfin hannuna: ya kuke riƙe babban aiki?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin babban aiki na ɗinkin gicciye, irin wanda ake bin ramuka ana ƙirgawa. Na sayi zanen Masallacin Annabi na Madina, ina so in ɗinka wa ƙanwata ta rataye a falonta in Allah ya kai mu bikinta. Takardar ta nuna faɗi ɗinki 350, tsayi 280, kuma ba inda aka bari fari, har sararin samaniya sai an cike shi da zare. Yadin Aida ne mai rami 14 a inci. Damuwata riƙon yadin. Ƙawanyata ta katako, zobban nan biyu da ake ɗame yadi a tsakaninsu, inci 8 ce, da ita nake yin rigar filo da ƙananan furanni, amma wannan da na gwada sai sauran yadin ya zubo min a cinya, wani gefen yana jan ƙasa, allura na kamo wanda ya lanƙwasa ta ƙarƙashi. Wuyan hannuna na hagu har ya fara sanar da ni. Ya kuke yi don Allah?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Kafin a shiga maganar riƙo, 'yata, kin riga kin yanka yadin?

Maman Ilham: A'a Hajiya, yana nan yadda na sayo shi. Gefe ɗaya kawai na ɗan gwada.

Hajiya Babba: Madalla, to ajiye almakashin tukuna. Raba 350 gida 14, inci 25 ke nan. Raba 280 gida 14, inci 20. Wannan girman hoton ne tsurarsa. Sai ki ƙara inci 3 ta kowane gefe, ki yanka 31 da 26. Rarar nan ba asara ba ce, ita ƙawanya ko firam za su kama in kin zo bakin hoton, ita kuma mai sa gilashi zai lanƙwasa ta baya. Masu tsumulmular yadi su ne ke zuwa ƙarshe suna jona ƙyalle a gefe. Sannan bakin Aida zazzarewa yake yi, kina aiki yana zubar da sili. Ki kai wa tela ya bi miki shi da keken wibin, ko ki kalmashe da hannu. Kada ki manna masa salatef, in ya daɗe danƙonsa ya shiga yadin, zafin garin nan kuma ya narkar da shi.

Anti Larai: Hajiya ta gama wannan. Ni kuma bari in faɗi wanda ba za a so ji ba. 350 sau 280, ɗinki 98,000 ke nan. In kina yin 300 kullum ba fashi, kusan wata goma sha ɗaya ne a gabanki. Yaushe ne bikin?

Maman Ilham: Innalillahi. Anti, saura wata takwas fa.

Anti Larai: To kin ga maganar riƙo ba ta ado ba ce, ita ce za ta sa ki gama ko ki kasa. Aiki irin wannan firam mai naɗi yake so. Sanduna biyu dogaye, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da gajerun katako biyu a gefe da ke riƙe su. Ki ɗinke bakin yadin a jikin sandunan, ki naɗe abin da ba kya buƙata, ki bar fili kamar inci 8 zuwa 10 a buɗe. In kin gama wannan layin ki sassauta noti, ki naɗa, ki ɗaure. Ba abin da zai ja ƙasa, ba abin da zai lanƙwasa. Babbar ribar kuma, in kin jingina shi a kan wani abu hannayenki biyu sun samu 'yanci: ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, wannan ya tura allura wancan ya karɓa. Hannun da kika fi iyawa shi za ki sa a ƙasa, tunda shi ne zai yi aiki ba ido. Da farko za ki riƙa lalube, in hannun ya saba kuwa ba za ki so komawa ba.

Mai Surfani Zariya: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in sa baki, ni ɗinkin riga nake yi ba irin naku ba, amma zare da allura ai gida ɗaya ne. Mu a birnin Zariya babbar riga muke ɗinka wa aska takwas, da tambari, da hannu, rigar da in ka shimfiɗa ta sai ta rufe tabarma. Ba ƙawanya, ba firam, ba noti. Mutum zai zauna, ya tattara rigar a cinya, ya ɗora inda yake aiki a gwiwa ko ya riƙe shi tsakanin yatsu, ya yi wata da watanni a kai. Haka muka tarar da iyayenmu. Yadi mai inci 31 har wani abu ne da za a kira kafinta? Hajiya Maman Ilham, ki naɗe gefen, ki riƙe a hannu, ki ɗinka abinki. Da hannu allura na shiga rami ta fito ta wani a tafiya ɗaya. A firam kuwa sai kin soka, kin zaro, kin sake sokowa daga ƙasa. Ina saurin yake?

Anti Larai: Malam, Allah ya ƙara basira, ba wanda ya isa ya raina aikin Zariya. Amma ba abu ɗaya muke magana a kai ba. Ku mai zane ne ke fitar muku da layi a jikin shadda, ku bi layin. Mu ba layi, rami muke ƙirgawa, in kin kuskure rami ɗaya a sama sai hasumiya ta fito a karkace a ƙasa. Na biyu, sau nawa kuke canza zare? Riga guda sau da yawa launi ɗaya ce ko biyu. Hoto irin nata, a ɗan murabba'i goma-goma kaɗai za ka iya samun launi bakwai takwas, nan ɗinki ɗaya, can biyu. Saurin da kake faɗa na layi ne dogo mai launi ɗaya. Na uku, wanda ya fi, in kun gama ai wurin masu bugu ake kai rigar, su sa ta a kan itace su lallasa ta har ta kwanta ta yi sheƙi. Duk inda zare ya ɗan tattare yadi, bugu ya gyara. Mu wa zai buga mana Aida? Gicciyen murƙushewa zai yi.

Mai Surfani Zariya: Maganar bugu kin kama ni, wannan gaskiya ce. Amma tattarewar yadi ai daga hannun mai ɗinki take, ba daga rashin katako ba. Wanda ya san jan zare ba ya tattare yadi. Yaran da muke koya wa, abin da muke fara kwaɓa ke nan.

Hajiya Babba: Ni fa ina bayan Malam a nan, ko da rabi. Duk zannuwan gadon da na yi wa 'ya'yana a hannu na yi su, kuma suna nan ba wanda ya tattare. Aida sabo yana da sitaci, da kansa yake tsayawa. Abin da ke faruwa shi ne in aiki ya daɗe, hannu da gumi su cinye sitacin, yadin ya yi laushi, to nan ne mai koyo ke fara jan zare fiye da kima, ramuka su buɗe. Wadda ta ƙware za ta wuce wurin lafiya. Sai dai Maman Ilham ta ce hannunta na ciwo tun yanzu. Wannan ba na wasa da shi. Riƙo a hannu babban yatsa da wuyan hannu yake ci, wata takwas kuma ba kwana takwas ba ne.

Ummu Sultan: Sannunku da hira. Ni a Jidda nake, abin da nake amfani da shi Q-Snap ne. Firam ne na roba mai kusurwa huɗu, bututu huɗu da ake harhaɗawa, sai wasu marufai masu tsaga da ake danna su a kan yadin su kama shi. In ya saki, murza marufin kawai za ki yi ta waje ya sake ɗamewa kamar fatar kalangu. Mai inci 11 da 11 nake so, ba ya da nauyin da zai dame ni kuma filin ya isa. Ya fi ƙawanya ta wajen kusurwa, tunda zanen ma murabba'i-murabba'i yake tafiya, kuma ba ya barin wannan zagayayyen shatin. Rarar yadin in naɗe ta kamar tabarma in maƙale. Abin da ya sa ban koma firam mai naɗi ba, ina son in ɗauki aikina in tafi gidan 'yar uwa ko asibiti in ana jira. Sanda mai inci 30 ina za ki kai ta?

'Yar Auta: Anti Ummu Sultan a Kano ana samun shi?

Ummu Sultan: Ta intanet mutane ke saye galibi. Amma in kin gan shi za ki yi dariya, bututun famfo ne na roba da guiwa huɗu. Mai gyaran famfo zai iya yanka miki, marufan kuma a tsaga wani bututun da tsawo. Sai dai a goge bakin tsagar sosai, in yana da kaifi zai ci zaren yadin.

Anti Larai: Kuma shi ma dole ya hau kan ɗinkin da aka riga aka yi in an matsa gaba. Inda firam mai naɗi ya fi su duka ke nan, ba abin da ke danne gicciye.

Ummu Sultan: Ina sa ɗan farin ƙyalle mai taushi tsakanin marufin da ɗinkin. In ya ɗan kwanta ma, wanki na tayar da shi.

Maman 'Yan Biyu: Ku dai kuna ta kawo abin kashe kuɗi. Ita fa tana da ƙawanya, kuma ƙawanya na yin babban aiki in an san ta. Maman Ilham ga yadda nake yi. Zoben ciki in naɗe shi da siririn farin ƙyalle na auduga, zagaye har ya rufe katakon, in ɗinke bakin. Wannan na hana yadi zamewa, yana kuma hana katakon ɓata shi. Notin in ajiye shi can sama ta gefen hagu, tunda da dama nake ɗinki, don kada zare ya riƙa sarƙewa a kai. Sannan in juya ƙawanyar, wato fuskar ɗinkin ta zama a cikin kwarin, yadda yatsuna bayan yadin suke taɓawa ba gabansa ba. Rarar kuma in naɗe ta ta ko'ina, fuskar ɗinki a ciki, in kama da abin maƙale shanya na roba. Na roba fa, ba mai waya tsirara ba, don da damina tsatsa yake yi, tsatsa kuwa in ta hau farin Aida sai dai haƙuri. Doka ɗaya ce ba na karyawa: in na tashi, ko salla zan yi in dawo da daɗewa, sai na cire ƙawanyar. Wadda ta bar ta kwana da kwanaki a wuri ɗaya ita ke samun shatin da guga ba ta fitarwa.

Maman Ilham: Wannan na juya ƙawanya ban taɓa ji ba wallahi. Amma nauyin fa? Ko an naɗe ai hannun hagu ne ke ɗauke da shi duka.

Maman 'Yan Biyu: Kada ki ɗauka a iska. Ki sa filo a cinya, naɗin ya kwanta a kai, ko ki zauna gaban tebur ki ɗora shi. Hannunki jagora kawai zai yi.

Anti Larai: Kun ji ko? Filo, tebur, abin shanya, cirewa da mayarwa kullum. Duk wannan wahalar don a guje wa kafinta ɗaya.

Maman 'Yan Biyu: Anti Larai ke ɗakin ɗinki gare ki. Ni ɗaki ɗaya da falo, da 'yan biyu masu rarrafe. In na kafa firam a tsakar falo, kafin in dawo daga kicin sun mai da shi mota.

Hajiya Babba: Allah ya raya su. Wannan ma hujja ce, a bar ta.

Ɗiyar Maraɗi: Salamu alaikum, ina gaida manya. Mu nan da santimeta muke awo, na lissafa nata ya kama wajen 79 da 66. Ni abin da ni ka son a taɓo, ƙura. Duk wanga gardama ta firam da ƙawanya, in hunturu ya shigo ba wanda za ya tsira. Farin yadi in an bar shi buɗe wuni guda sai ya koma ja. Wadda ta kafa firam ita ta fi shiga haɗari, tunda shi ba a naɗe shi a sa cikin jaka. Mi kuka yi ma wannan?

Anti Larai: Tambaya mai kyau. Tsohuwar rigar filo fara, mai tsabta, ita nake zura wa firam ɗin in na tashi, in doguwa ce ta rufe shi duka. Sandunan kuma ina ɗinka musu riga, ƙyalle dogo da roba a baki, ya rufe naɗin sama da na ƙasa, don nan ne hannu ke yawan sauka. In zan naɗe ɓangaren da na gama, sai in shimfiɗa farin ƙyalle a kai in naɗe su tare, ɗinki bai goga a kan ɗinki ba.

Hajiya Babba: Ku ƙara da hannu. Da sanyi kowa na shafa mai, man nan kuwa shi ke kama ƙura ya zaunar da ita a yadi. A wanke hannu da sabulu kafin a zauna, a shafa mai bayan an tashi. Sabon lalle ma a bar shi ya kwana biyu, musamman baƙi. Turaren wuta kuma kada a yi shi aikin na buɗe a ɗaki, hayaƙin na sa farin yadi ya yi ɗorawa-ɗorawa. Shayi da miya ban ma faɗa ba, kowa ya sani, amma kowa na yi.

'Yar Auta: Ni nawa irin na Chana ne wanda aka buga launukan a jikin yadin, mai rami 11, sili uku ake sawa. Babba ne shi ma, dawisu biyu. Ya fara datti ta gefe, in wanke shi yanzu in ci gaba?

Ummu Sultan: Kul! Auta kada ki kuskura. Bugun nan da gangan aka yi shi ya fita da ruwa. Kina jiƙa shi zanen ya tafi, ki rasa abin bi. Ko gumin hannu yana dame shi, shi ya sa irin naku bai kamata a riƙe shi a tafin hannu ba, a sa shi a ƙawanya ko firam. Kada kuma ki goge shi kafin wanki, zafi na iya zaunar da launin ya ƙi fita. Sai kin gama tas ki jiƙa.

Mai Surfani Zariya: To a wannan kam na janye. In gumi na goge zanen, a ba ta katako.

Anti Larai: A rubuta rana, Malam ya sallama.

Mai Surfani Zariya: Na Auta na sallama, ban sallama na Maman Ilham ba. Kuma ina da tambaya. Firam ɗin naku, sama da ƙasa ne ke ja. Gefe da gefe fa? Yadi mai faɗin inci 26 ko 31, tsakiyarsa ba za ta yi ciki ba?

Anti Larai: Tana yi, wannan shi ne aibinsa, ba zan ɓoye ba. Maganinsa a sa zare mai ƙarfi a ɗaure gefen yadin da katakon gefe, a riƙa zagayowa kamar tazarar inci ɗaya, a ja daidai ta ɓangarorin biyu. Duk lokacin da aka naɗa gaba sai an kwance an sake. Yana cin ɗan lokaci, amma a aiki irin nata ba kullum ake naɗawa ba. Wani abin kuma, wajen ɗinke yadin a sanda, ki nemo tsakiyar yadin da tsakiyar sandar ki haɗa, ki ɗinka daga nan zuwa kowane gefe kina bin layin rami ɗaya. In kika ɗora shi a karkace, haka zai yi wata takwas ana jansa a karkace, kuma haka zai fito.

Maman Ilham: To in zan je wurin kafinta me zan ce masa? Kada in je in yi ta kwatance ya yi min abin shanya.

Anti Larai: Ki fara yanke ta ina za ki kafa. Sandar dole ta fi yadin tsawo. In gefen inci 26 za ki ɗinke a sanda, inci 30 ta ishe ki, sai dai hoton zai kwanta a gefe, ki juya takardar ita ma. Gicciyen bai damu ba, in dai duk silin sama gefe ɗaya suke kallo. In kuma kina son ganin masallacin a tsaye yadda yake, gefen inci 31 ne zai hau sanda, ki nemi inci 35 ko 36. Ni ta biyun nake zaɓa, juya takarda na ruɗa ƙirga, amma ki sani doguwar sanda ta fi nauyi kuma hannunki na ƙasa zai yi miƙa kafin ya kai tsakiya. Sanduna zagayayyu, kaurin sandar mofa. Katakon gefe inci 12 zuwa 14, da huda a kowane kai, da noti mai kunne wanda ake murzawa da yatsa. Ya goge su sumul da samfefa. Kada ya shafa fenti ko wani mai, kuma busasshen katako, ɗanye yana fitar da ruwa ya ɓata yadi. A jikin kowace sanda a buga ƙyalle mai kauri da tsawonta, shi za ki ɗinke Aida a kai. Ƙusoshin a rufe su da ƙyallen, kada su taɓa aikin.

Ɗiyar Maraɗi: Ƙafa fa? Ko a hannu za ta ɗauke shi?

Anti Larai: Ba ya ɗaukuwa. Ko ya yi masa ƙafa, ko ta ɗora kan hannuwan kujera, ko gefe ɗaya a tebur ɗaya a filo. Mai zama a ƙasa ta sa kujeru 'yan tsugunne biyu, ta miƙe ƙafa a tsakani.

Hajiya Babba: Duk wanda kika zaɓa, akwai aikin da za ki yi kafin ki kafa, tun yadin na shimfiɗe. Ki ja masa layi kowane rami goma, tsaye da kwance, daidai da layuka masu kauri na takardar. Zai ci miki yini ɗaya ko biyu, kuma shi zai hana ki warware aikin mako. Akwai biro mai shuɗi da ke fita da ruwa, amma ki gwada a gefe tukuna, kuma kada guga ko zafin rana a mota ya same shi kafin wanki. Da damina yakan dushe da kansa saboda laima. Ni siririn zaren roba irin na kamun kifi nake bi da shi, allura ba ta huda shi, in an gama a zare shi sumul. Zaren ɗinki na auduga in kika yi da shi, allura za ta riƙa ratsa shi, cire shi ya zama aiki. Fensir kuwa a'a.

Maman 'Yan Biyu: Hajiya in ta ja layi ai ba sai ta fara daga tsakiya ba ko? Mu an koya mana a ninka yadi huɗu a fara daga tsakiya.

Hajiya Babba: Farawa daga tsakiya don kada hoto ya ƙare wa yadi ne. In an auna an ja layi, wannan tsoron ya kau. Ta auna inci 3 daga sama, 3 daga gefe, ta fara daga kusurwar sama tana saukowa, hannunta bai kwanta a kan abin da ta gama ba. Ninkin ma ba na so a Aida, karyewar na daɗewa. In za a ajiye a naɗe.

Ummu Sultan: Ƙaramin abu amma yana taimako: baƙin zane a cinya in yadin fari ne, ramukan sai su fito fili, musamman da dare in an ɗauke wuta ana aiki da fitilar caji. Allura kuma mai dakusasshen baki, lamba 24 ce ta rami 14, da sili biyu. Zaren kada ya wuce kamu ɗaya, in ya yi tsawo yana goga a yadi ya yi gashi. Kuma kada a bar allura soke a cikin hoton a kwana, a soke ta can a rarar gefe.

'Yar Auta: Anti wane zare ne ba ya zuba? Ina tsoron jan nawa.

Ummu Sultan: DMC na Faransa shi aka fi yarda da shi, ƙulli ɗaya mita 8 ne mai sili shida. Amma akwai jabu a kasuwa, na cikin kwalin Chana kuma ba ki san asalinsa ba. Yanko ɗan guntu, ki jiƙa, ki matse a farin ƙyalle. In ya bar launi kin san inda kike. Wankin ƙarshe ruwan sanyi da sabulu mai sauƙi, ba bilic, ba murza. Ki naɗe a tawul ya tsotse ruwan, ki kifa shi a kan wani tawul ɗin ki goge ta baya.

Mai Surfani Zariya: Ni dai har yanzu ina ganin kun cika kaya. Amma abu ɗaya muka haɗu a kai, ko mu ba ma barin riga ta rataya tana jan inda ake ɗinki. Nauyin a cinya yake ko a tabarma. Hajiya Maman Ilham, ciwon hannun nan naki daga nan yake, kina ɗauke da abin da ya kamata ya kwanta.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na tsayar. Gobe zan yanka 31 da 26 in kai wibin, in ja layin goma-goma da zaren roba yadda Hajiya ta ce. Zan ba kafinta awon Anti Larai, mai inci 36, don ina son in riƙa ganin koren ƙubbar a tsaye. Kafin ya gama zan fara kusurwar sama da ƙawanyata a juye, da filo a cinya. Sararin samaniyar launi ɗaya ne mai tsawo a layukan farko, nan zan gwada na Malam in riƙe a hannu in gani.

Anti Larai: A'a, kada ki gauraya a wuri ɗaya. Jan zaren hannu daban, na firam daban, a fili mai launi ɗaya kuwa bambancin fitowa yake kamar layi. In za ki gwada na Malam, gwada a wani guntun yadi.

Mai Surfani Zariya: Wannan ma gaskiyarta. Ko mu riga ɗaya in mutum biyu suka ɗinka ana ganewa.

Hajiya Babba: Wata takwas ɗin fa? 98,000 a kwana 240, sama da 400 ke nan kullum.

Maman Ilham: Zan yi iya yi na Hajiya. In bai kammala ba sai in kai mata ranar suna.

Ɗiyar Maraɗi: Anti Larai, ki turo hoton naki firam ɗin ta wajen notin, in nuna ma kafintanmu. Kuma inci 36 ɗin santimeta nawa ne?

Anti Larai: 91 da ɗan ɗoriya, ki ce masa 92. Hoton sai da safe, yanzu ba haske.